Uwar Injunan Baban Walda

Baban Walda bai taɓa zana inji a takarda ba, kuma yana faɗin haka da bugun ƙirji kamar wanda ya ci wata gasa. Tun yana saurayi yake ƙera injin ɓare gyaɗa a wata rumfar kwano bayan tashar mota, tsakanin mai faci da mai sayar da tsofaffin batura.

Hanyar aikinsa ɗaya ce. Akwai wani inji da ya taɓa fito masa daidai, ba ya fasa ƙwaya, ba ya barin ɓawo, domin tazarar da ke tsakanin gangar da ke juyawa a ciki da ragar da ke ƙarƙashinta ta zauna cif. Wannan bai sayar ba, bai kuma yarda ya yi aiki ba. Ya shafe shi da giris, ya lulluɓe da tamfol, ya raɗa masa suna Uwa. Duk wanda ya zo neman inji, sai a yaye tamfol, a kwance Uwa, a ɗora ƙarfe kan ƙarfe a yanka. Sauran injunan duk 'ya'yanta ne. Yayarsa, wadda ke yi wa mutane ɓara a ƙofar gidanta da ɗaya daga cikin na farko, takan ce ko mahaifiyar da ta haife su ba ta ga wannan gatan ba.

Ana nan sai gwamnati ta kafa kwamitin ba da shawara kan masana'antu da ƙirƙira, aka ce a kawo wakilin ƙananan maƙera. Shugaban ƙungiyarsu na kwance da ciwon baya, sai aka tura Baban Walda. Ya shiga ɗaki mai sanyi, aka ajiye masa ruwan roba, aka rataya masa kati a wuya an rubuta Injiniya. Daga ranar ko masallaci da katin yake zuwa.

A cikin kwamitin akwai wata injiniya ta gaske, yarinya ce sa'ar 'yarsa. Ita kaɗai ta tako har rumfar. Ta zagaya Uwa, ta leƙa ciki, ta ce, "Baba, ina zanen?"

Ya nuna kansa. "Ga shi nan."

"To in kan ya yi ciwo fa?"

"Ga Uwa."

"In Uwa ta tafi fa?"

"Haba 'yata, ina za ta? Ƙafa gare ta?"

Ta ce ya bari ta zauna da ma'auni ta zana masa kyauta, kafin la'asar ta gama. Ya yi mata godiya, ya saya mata lemo, ya ƙi. Bayan ta tafi ya ce wa mai faci ai ya gane, sata suka zo yi da biro.

Mutumin da ya hana a zana Uwa, shi ne da hannunsa ya ɗora ta a motar ma'aikatar masana'antu da aka ce za a yi baje koli. Har tsohuwar katifa ya shimfiɗa mata. Yaya ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallo.

"Kai, wa ya taɓa ba gwamnati aron abu ya ga ta dawo da shi?"

"Yaya, kwana kaɗan ne. Manya za su gani."

"Manya za su gani, kai kuma ka ga ta kanka."

A daidai lokacin ƙungiyar wasu manoma ta ba shi aiki mafi girma da ya taɓa samu. Suna son injuna kafin kaka, sun kuma faɗa masa baro-baro cewa in bai gama ba za su ɗauki na waje, waɗanda wani dillali ke ta yi musu talla.

Aka yi baje koli aka watse. Babban baƙo ya yaba wa Uwa, ya ce irin wannan ya kamata duk mai shigowa ma'aikatar ya fara gani. Sai aka yi mata fenti har cikin raga, aka ɗaure ƙafafunta da noti a siminti, aka rufe ta da gilashi a zauren shiga. Mutanen da aka tara don ƙasa ta ƙara ƙera injuna, aikin da suka iya ke nan, suka kulle inji ɗaya tilo da ke haihuwa.

Ya fara sintiri. Wannan ofis ya ce ai ta shiga kayan gwamnati, wancan ya ce kwamiti ya gama aiki an rushe shi. Yarinyar nan injiniya kuwa an yi mata canjin wurin aiki. Ya dawo da tef ɗin awo a aljihu, ya ce ko aunawa kawai a bar shi ya yi. Maigadi ya tare shi.

"Baba, ba a taɓawa."

"Ni na ƙera ta fa." Ya ɗaga katin wuyansa.

"To ai ka gama naka, sannu da ƙoƙari. Matsa baya kaɗan, kana sa wa gilashin numfashi."

Gyaɗa ta fara nuna a gona. Ba yadda ya iya, ya nufi gidan Yaya da sufana a hannu, ya tsuguna gefen injinta yana shafa shi. Injin ya sha aiki, ganga ta cinye, in ya tashi sai ya yi tari kamar tsohon mai shan taba.

"Injiniya da kansa!" in ji Yaya. "Ina manyan?"

"Yaya, ki yi wa Allah."

"Kwance. Amma kullum ka ɗaura min shi kafin masu ɓara su zo, ni ba gilashi nake ci ba."

Haka ya yi, ya kwance da yamma, ya ɗaura da safe, yana ƙara ɗan kauri da ka a inda yake jin ƙarfe ya cinye. Injunan suka fito. Suna ɓara, amma suna fasa ƙwaya nan da can, kuma dukansu sun gaji tarin nan. Manoman suka gwada, suka ɗauki kaɗan don kunya, sauran suka sayi na waje.

Rahoton kwamitin ya fito daga baya. A ciki an ba da shawarar a koya wa ƙananan maƙera zanen inji, kuma shawara ce mai kyau. Har yau ba a fara ba. Shi ma bai nemi kowa ya koya masa ba.

Yana nan a rumfarsa, yana yanka ƙarfe a kan injin Yaya. Katin yana rataye a ƙusa, ya yi baƙi da hayaƙi. In aiki ya yi sauƙi yakan shiga mota ya je ma'aikatar. Maigadin ya saba da shi, har kujera yake ba shi, ya zauna ya kalli Uwa. Baban Walda ya ce tsatsa ta fara cin ta ta ƙarƙashin fenti, don ba wanda ya san ana shafa mata giris.