Ranar da mahaifiyata ta riƙe mini birki

Shekarun baya, lokacin ina ɗokin babur ɗina mai birkin mai a gaba, ƙanwata ta haihu a Kalmalo. Jikan fari ke nan ga mahaifiyata. 'Yan gida duk suka tafi tun jajibirin suna, ita ta tsaya ƙarasa ƙuli-ƙuli da man gyaɗar da za ta kai wa mai jego, a kan mota za ta ɗauke ta da safe. Sai aka kwana ana ruwa. Gari na wayewa direba ya aiko cewa hanya ta ɓaci, sai dai babur.

To mahaifiyata ba ta hawa babur. Tun da wani ɗan kabu-kabu ya kayar da ita a bakin kasuwar Illela ta ce ita da shi har abada. Na yi shekaru ina lallashi, a banza. Amma ranar nan ta fito da mayafinta, ta dubi babur ɗin, ta dube ni, ta ce, “In ka ce mishi tsaya, shina tsayawa?”

Na ce, “Inna, cak.”

Ƙarya na yi. Kwana bakwai ke nan birkin gaba ya yi laushi, ina ta cewa gobe. Na tura babur ɗin zaure na matsa hannun birki, sai ya tafi luƙus har ya taɓa kan babur, kamar an matsa burodi. Na buɗe ɗan kofin mai da ke sama, na ga ya kusa ƙafewa. Na cika shi da man birki, bai canza ba. Iska ta riga ta shiga tiyo.

Da yake na sha zama wajen abokina bakanike, na ɗauka na iya. Na ɗauki sifana na kwance ɗan notin da ke jikin birki a ƙasa, na miƙe na matsa hannun birki, na saki, na matsa, na saki. Na yi ta yi har gumi ya jiƙa rigar sunan da na sa. Ɗan kamun da ya rage ma ya tafi gaba ɗaya.

Na kira abokina, ashe yana Ƙonni sayen kaya. Da na gaya masa abin da na yi, dariya ya yi har da tari.

“Mi kaka yi haka, malam? Kana sakin birki noti na buɗe, ai iska kaka ɗura mishi! Wanga aiki na mutum biyu ne. Wa ag gida?”

Na ce ba kowa sai Inna. Ya ce, “To ba ta da hannu?”

Ashe tana tsaye a bayana, ta ji komai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ba ta yi faɗa ba, sai ta ce, “Cak ɗin ke nan?” Sannan ta ɗaga galan ɗinta ta ce in mai ne ya ƙare ga man gyaɗa. Abokina ya yi ihu ta waya, “A'a Inna, don Allah! Sai nashi mai, wani iri lalata roba shikai!”

Ta ajiye mayafi, ta naɗe hannun riga. Ya yi mata bayani: ta matsa hannun birki sau uku, ta riƙe, kada ta saki sai na ce. Ni kuma in buɗe noti kaɗan, mai ya fito, in rufe, sannan ta saki. Kuma in riƙa duba kofi kada ya ƙafe.

Na tsuguna, na sa guntun tiyo a bakin notin, ɗaya bakin cikin kwalba. “Inna matsa. Riƙe.” Hannun da ya yi shekara talatin yana matse tunkuza ba ya wasa da riƙo. Na buɗe, mai ya feso da kumfa. Ta leƙo ta ce, “Waɗanga 'yan ƙwayoyi su na iskar?” Na ce su ne. Ta ce, “To hiddo su duka.”

Muka yi ta yi, ita ke ba da umarni ma daga baya. Wajen karo na goma kumfa ta ɗauke, mai ya fito garau. Sai na ji ta ce, “Kai, ya ƙi tahiya!” Na miƙe na taɓa, birki ya yi tauri. Ta ture hannuna ta sake matsawa da kanta, ta sa na tura babur ɗin ta kama, ya tsaya nan take. Ta yi haka sau uku. Sannan ta ɗauki mayafinta ta ce, “Ɗaura kaya, rana na yi.”

A hankali muka tafi, ta riƙe rigata tana salati. Dab da shiga Kalmalo akwai gangara, sai ga garken shanu sun ratso hanya. Na kama birki, muka tsaya lafiya lau. Daga bayana ta buga mini kafaɗa tana dariya: “Ka gani? Aikina na!”

Mun iso mata na ta taruwa. Ƙanwata ta ga wadda ta sauko daga babur, ta saki baki. Mahaifiyata ta karɓi jariri, hawaye na zuba tana dariya, tana gaya wa duk wadda ta shigo cewa ita ta gyara mashin ɗin. Ban musa ba, gaskiya ce.

Har yau in na tuna sai daɗi ya kama ni. Shekaru na yi ina cika ta da surutu cewa ta yarda da ni, ban taɓa tunanin in bar ta ta taɓa abin da take tsoro ba. Ni na ɗauka tsufa ne da taurin kai, ashe hujja take jira. Yanzu jikan nan yana makaranta, kuma duk sanda ta ga dama takan aiko a ce mini in zo in kai ta wajensa.