Kwalabe Ukun Audu Ba-Yau-Ba

In faɗa muku tun da wuri, wawan labarin nan ni ne, ba marigayi ba. Ni da na yi lekol, makarantar boko, har aji huɗu, nake karanta hasashen ruwa a waya da Faransanci!

Kun dai san Audu, maƙwabcina a unguwar Yakite. Ko yayyafi aka yi, sai ya hau moto, wato babur ɗin haya, daga yankinmu na Kilomita Biyar zuwa gonarsa ta bayan gari, ya tura hannu cikin ƙasa, ya sunsuna, ya dawo.

"Audu, za a shuka?"

"Ba yau ba."

Kai! Har masu moto suka laƙaba masa sunan.

Irin masararsa na mahaifiyarsa ne. A kwalabe uku yake zuba shi da toka, kuma bai taɓa shuka biyu rana ɗaya ba. Wai daminar yanzu kwastomar shagunan titin Kuduku ce: ta taya kaya, ta ce tana zuwa, shi ke nan.

Shekarun da fita daga unguwa ta zama haɗari saboda rikici, a bokitan gida ya riƙa shukawa don kada irin ya ɓace. Matarsa Hajiya Zainabu ta ce, "Alhaji, da me zan yi wanki?"

Ya ce, "Riga ba ta mutuwa."

Da ciwo ya kwantar da shi, ya miƙo mini kwalba biyu. "Sani, ɗaya in ƙasa ta jiƙu sosai, ɗaya bayan mako biyu. Kada ka yi mini ilimi."

Wallahi na yi masa ilimin. Waya ta nuna gajimare a jere, na juye duka rana ɗaya. Ruwa ya ɗauke kusan mako uku, tsiro ya ƙone ƙurmus. Da na je gaya masa, sai ya ce, "To ita wayar, ta ba ka haƙuri?" Muka yi dariya, tasa ta koma tari. Bai ga wata daminar ba.

Allah ya jiƙan Audu, ya sanyaya masa makwanci, ya ba shi gonar da ruwanta ba ya saɓa alkawari.

Bana, da ruwan fari ya sauka, na yi sallama ƙofar Hajiya, na roƙi kwalbar da ta rage in gyara kurena. Ko labule ba ta ɗaga ba.

"Malam Sani, biyun da ka kashe, yana da rai, ya yafe maka. Wannan in ta tafi, babu mai yafewa."