Gilashi Ɗaya, Gidajen Sinima Uku

Akwai ranar da ba ta fita raina ba a aikin sinima: ranar da aka kira ni ɓarawo a Salaga.

Kamfanin da na yi wa aiki na wani Kwara ne, Balarabe ɗan kasuwa, yana da gidaje uku: Salaga, Yendi da Bawku. Ban yi makaranta ba, aikina kai faifan fim daga gari zuwa gari a lori. Kowane sabon fim yakan yi mako guda a gari, sannan in wuce da shi gaba. A gaban injin haska fim akwai gilashin da ke jefa hoto a bango. Namu duk sun tsufa, hoto dishi-dishi. Mai kyau guda ɗaya ne, shi nake naɗewa a tsumma in tafi da shi tare da sabon fim.

Da Kwaran ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da gidajen ɗai-ɗai. Manajan kamfanin ya tsara kowane mai saye ya zo dubawa a makon da nake garin. Kowa ya ga hoto tangaran. Babu wanda ya tambaye ni komai, ni ma ban ce ba.

Na Salaga, Alhaji Seidu dillalin doya ne ya saya. Ranar da ya karɓi makulli aka kira ni daga Bawku, na baro gilashin can. Da hantsi, ya sa aka rufe tagogi aka kunna inji. Fuskar jarumin ta fito kamar an shafa mata koko.

Ya ce, "Issaka, wannan ba injin da aka nuna mini ba ne. Me ka cire?"

Na ce, "Alhaji, gilashin yana Bawku. Makonsu ne."

"Makon wa? Ni na sayi abina! Ko ka fito da shi, ko ka kwana wurin 'yan sanda."

Na ce, "Kai ni. Amma Hajiyar da ta sayi gidan Bawku ma ta saye shi, mai gidan Yendi ma ya saye shi. Ku uku ke nan."

Sannan ya ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"Da manaja kuka yi magana. Ni ko gaisuwata ba ka amsa ba."

Manaja kuwa tuni ya bar gari. Masu gidajen suka haɗu a Yendi, suka yi ta musu har la'asar. Babu wanda ya yarda ya bar wa wani, sai suka ce gilashin ya ci gaba da zama a jakata, mako-mako. Haka na yi ta yawo da shi har bidiyo ya kashe sinima.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan: masu gida suna canzawa, takarda ba ta faɗin komai. In za ku karɓi wuri, ku fara gaida mai ɗaukar kaya, sannan ku tambaye shi abin da ke aiki.