Hoton Mai Hoto

Mahaifin Auta ya yi shekara talatin yana ɗaukar mutane hoto, amma da ya rasu aka birkice gidan kaf, ba a samu nasa ko guda ba. Kullum yana bayan kyamara, yana cewa a matso, a yi murmushi. Umma ce ta tuna cewa wata rana ya miƙa wa maƙwabci kyamarar, ya tsaya a ƙofar shagonsa aka ɗauke shi.

"Auta, ki nemo min shi," in ji ta. "Ni fa na fara manta fuskarsa. In na rufe ido, hularsa kawai nake gani."

Auta ce mai ilimin kwamfuta a gidan. A shagon buga katin gayyata take aiki, tsakanin injin da ke cinye takarda da fankar da ke juyawa in ta ga dama. Yayyenta na kiranta Injiniya, rabi yabo rabi tsokana, musamman ranar da wayarsu ta ƙi caji. Ta kwashe hotunan tsohuwar kyamarar, sai ta tarar babu manhajar da ke buɗe su. Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa, ya tafi da sirrin yadda yake jera hoto.

Akwai wata manhajar buɗe hotuna da 'yan sa kai ke ginawa a intanet, kowa na iya ƙara nasa. Ta rubuta musu. Mai kula da aikin ya amsa da ladabi cewa ba su san wannan tsarin ba, amma in ta rubuta shi za su karɓa. Wato dai ya wanke hannunsa tas, ya bar ta da kayanta.

Wata huɗu tana fama, duk sa'ad da shago ya yi tsit. Hoto a kwamfuta jerin lambobi ne kawai, ita kuwa lalube take yi. Da farko amaren da ke cikin hotunan suka fito shuɗaye kamar an rina su, don ta musanya ja da shuɗi. Da ta gyara, sai suka fito kai a ƙasa. Nan ta gane cewa kyamarar daga ƙasa take fara rubuta hoto, layi-layi, har ta kai sama.

Aka karɓi aikinta. Mutanen da ba ta sani ba suka yi ta aiko da godiya, wani ya ce ya ga kakarsa bayan shekara ashirin. Ba ta ji daɗin komai ba, domin ta riga ta buɗe na Baba. Shi ne na ƙarshe a katin da kyamarar ke ajiye hotuna, kuma katin ya cika tun ba a gama rubuta shi ba.

Ta yi kwana uku tana ɓoye wa Umma, sannan ta kai mata kwamfutar tsakar gida. Umma ta sa tabarau ta duƙa. Ga takalmi, ga wando, ga hannu riƙe da murfin kyamara, ga wuyan riga. Daga nan sama toka-toka ne fayau.

"Shi ne! Wallahi tsayuwarsa ce. Ɗan ɗaga shi sama, Auta."

"Umma, iyakarsa ke nan."

"To ki ƙara rubuta musu mana. Ba ke kika buɗe wa mutane nasu ba?"

"Ba abin da zan rubuta, Umma. Kyamarar ba ta kai wurin ba."

Umma ta ƙara duƙawa kan kwamfutar. Ta ɗora yatsa a wuyan rigar, tana tura shi sama a hankali, kamar yadda take yi da waya.