Girgijen da Ruwan Fatakwal Ya Kasa Saukewa

Shekarun baya, da Allah ya nufe ni da zuwa Umara, ejan ɗina na Kano ya ce biza za ta zo ta imel, in buga ta a takarda kafin ranar tashi. Na ce to. Ni dillalin shanu ne a unguwar Trans-Amadi ta Fatakwal, amma kada ku raina ni. Na yi aji huɗu na firamare, kuma da bulala aka ɗura mini Turancina, shi ya sa har yau bai zube ba.

Ranar tashi tana matsowa, biza shiru. Na kira ejan, ya ce, "Alhaji, duk saƙon da na tura maka dawo mini yake yi." Na duba waya, sai ga jan rubutu. Na gyara tabarau, na bi shi harafi-harafi: wai kilawud ɗina ya cika.

Kilawud dai girgije ne, wannan ko daga barci aka tashe ni na sani. Na ce wa abokina mahauci, "Sha kuruminka, a Fatakwal muke. Girgijen garin nan ba ya iya riƙe ruwa." Ya ce, "Kai, Alhaji, boko ya yi rana!"

Da la'asar aka tafka ruwa. Ana ɗaukewa na duba waya, girgije na nan cike. Na ce ƙila na maƙwabta ne ya zubo, nawa yana layi. Washegari har tsakar gida na fita, na ɗaga wayar sama.

A haka 'yata, mai sayar da atamfa a kasuwar Oil Mill, ta same ni. Da na yi mata bayani, sai da ta zauna a kan turmi don dariya.

"Baba, no be that kain cloud o! Ba girgijen ruwa ba ne, rumbun ajiya ne na waya. In ya cika, imel ba ya samun wurin sauka."

"To me ya cika shi?"

Ta buɗe. Jama'a, shanu! Duk bijimin da na taɓa ɗauka a bidiyo don nuna wa mai saye, ashe wayar tana kora shi can sama ban sani ba. Shanun da aka cinye tuntuni a bukukuwan garin nan, suna can suna kiwonsu.

Ta fara gogewa, ni kuwa ina roƙo: "Bar farin nan, ɗan Mubi ne, ba a sake samun irinsa ba."

"Baba, Makka ko bijimi?"

Na ƙura wa bijimin ido, kallon da ya ɗan wuce kima ga mai niyyar ibada. Sannan na ce, "Makka."

Ta goge, ta kuma zubar da kwandon sharar wayar, don wai can suke laɓewa. Muka kira ejan ya sake turowa. Ban ma ajiye wayar ba, biza ta sauka.

Tun daga nan, in kalmar Turanci ta zo mini da fuskar sani, sai na tambaya kafin in gaisa da ita. A gaban Ka'aba na yi wa 'yata addu'a har muryata ta dushe. Amma ba zan ɓoye muku ba, a tsakiyar ɗawafi farin bijimin nan ya faɗo mini a rai. Allah ya yafe mana.