Waya Mai Ido

Yayata Hadijatu, wadda duk unguwarsu a Birnin Kudu ke kira Dada, ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba. Yahuza sunansa. Ni zan iya faɗa, ba ni na haife shi ba. Ita kuwa "wannan yaron" take cewa, mutum har da furfura a gemu. Haka muka tashi a rugarmu ta Sara can ƙasar Gwaram, uwa ba ta haɗa ido da ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Fillancin ya gudu daga bakinmu, kunyar ta zauna daram.

In ya shigo gaisuwa sai ta juya wa bango. "Lafiya lau." Shi ke nan fa, ya tashi ya fita.

To, mijinta marigayi Malam Iliyasu ma'aikaci ne a sakatariya, shi ya ja wayar girke har cikin ɗakinta, wata baƙa mai nauyi kamar dutsen niƙa. Da Yahuza ya tafi Jidda tuƙin mota, duk Juma'a bayan an sakko sai wayar ta yi ƙara. Ranar da na fara gani na riƙe baki. Yaya ce ta manna kan waya a kunne tana zuba! Kaji sun yi ƙwai, ɗaki na yoyo, wance ta haihu, har da dariya tana buga cinya.

Na ce, "Yaya, ina kunyar?"

Ta harare ni. "Gani na yake yi?"

Shekara da shekaru a kan wannan wayar uwa da ɗa suka san juna. Sai layin ya soma wasa, yau ya kawo gobe ya ɗauke, har ya mutu murus. Yahuza ya aiko mata da ta zamani, wadda ake shafawa, autarta Munawwara ta sa mata data. Ranar Juma'a aka kira, Munawwara ta shafa ta miƙa mata. Sai ga fuskar Yahuza ta cika gilashin, yana washe baki yana cewa, "Dada, ga ni!"

Ta saki wayar a kan tabarma kamar ta taɓa garwashi, ta ja mayafi ta fice tsakar gida.

Munawwara ta yi bayani har ta gaji, wai ana rufe hoton a ji murya kawai. Dada ta ce ita ba yarinya ba ce, ai ga idon nan a goshin wayar tana gani. Daga nan in ya kira, "lafiya lau" ce kawai daga bakin ƙofa. Shi kuma can, mutumin da ya saba da hira har kunne ya yi zafi, me zai ɗauka? Ya kira ni har Sara.

"Inna Barira, me na yi wa Dada? In fushi take ku gaya mini. Ba zan ƙara damunta ba sai ta neme ni."

Ya kuwa daina kira. Kai, na ji haushinsu su duka biyun! Ranar Juma'a na hau mota sai Birnin Kudu.

Na tarar da ita ta kasa zama. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta ɗora tukunya ta manta gishiri. Ta shiga ɗaki ta goge matacciyar wayar nan da gefen zane, ta fito, ta koma. An sakko daga masallaci, tana jin takun maza a waje, sai na ga tana kallon wayar kamar mai jiran a yi sallama. Wallahi tausayinta ya kama ni.

Na ce, "Ki ce kina kewarsa mana, wa zai dake ki?"

"Barira, ki kiyaye ni."

Ban kiyaye ta ba. Na sa Munawwara ta kira shi ta ƙara murya. Na ajiye sabuwar wayar kusa da tsohuwar, na ɗauko faifai na kife a kai ruf. Na ɗaga kan wayar girken, igiyarsa na reto, na cusa mata a hannu.

"Ga wayarki. Waccan na rufe mata ido."

Muryarsa ta fito daga ƙarƙashin faifan, a hankali, kamar mai tsoro. "Salamu alaikum. Dada?"

Sai ta juya wa bango, ta manna mataccen kan wayar a kunne, ta riƙe da hannu biyu.

"Kai wannan," ta ce. "Ka rame. Tun ranar nan na gani. Ba ka cin abinci ne?"