Malam Abdulbaƙi da Muryar da Ta Kusa Salwanta

Duk wanda ya saba bi ta layin masu gyaran waya a Makarfi da hantsi ya san Malam Abdulbaƙi ba ya fara aiki da kunna komai. Idan ya jingine babur ɗinsa, sai ya wangale ƙofar shago, ya yayyafa ruwa, ya share, sannan ya ɗauki ɗan buroshi ya bi fankokin kwamfutocin da ke jere a kan benci yana kakkaɓe su. Ya gaisa da mai shayi, ya gaisa da telan da ke gefensa, ya tambayi jikin mahaifiyar wannan, ya tambayi wancan yadda rakensa ya yi bana. Sai ya gama wannan duka yake zama, ya gyara tabarau, ya yi bismillah, ya danna madanni.

Haka yake tun lokacin da kwamfuta take abin kallo a garin, ake leƙowa ta taga don a ga yadda rubutu ke fitowa a allo.

Mutanen yankinmu ba kasafai suke sayen sabuwar kwamfuta ba. Ta hannu ake kawowa daga Kano ko Zariya, a lallaɓa ta, a ci abinci da ita. Masu haɗa bidiyon biki, masu tsara katin gayyata, masu gyaran hoto, duk kukansu ɗaya ne: na'ura ta yi nauyi, aiki ba ya sauri. A nan Malam Abdulbaƙi ya yi suna, domin ya iya ƙara wa ram gudu. Ram wasu 'yan siraran sanduna ne da ake sokawa a cikin kwamfuta, a kansu take ɗora abin da take aiki a kai a wannan lokacin, kamar faifan da ke gaban mai tsintar shinkafa. Kamfani yakan bar su a gudun da ba ya wahalar da su, amma sau da yawa suna da sauran ƙarfi. Wanda ya iya sai ya shiga bayos, wato saitin da ke fitowa kafin kwamfuta ta gama tashi, ya ɗaga gudun. Abin damuwar shi ne, wanda bai iya ba ma zai iya ɗagawa. Sai daga baya ake gane bambanci.

Gidan marigayi Malam Muhammadu Auwalu na Ikara sun ga wannan bambanci da idonsu.

Malamin ya rasu ya bar kwali cike da kaset-kaset na karatun da yake bayarwa a zaurensa, waɗanda ɗalibansa suka riƙa ɗauka da rediyo a shekarun baya. Babbar 'yarsa, Malama Badi'a, ita ke ajiye da su. Zaren kaset ya tsufa, wani yana mannewa, wani kuwa idan ya juya sau ɗaya ba lallai ya sake juyawa lafiya ba. Sai ta ba ƙanenta Yahuza, wanda sana'arsa haɗa bidiyon biki da suna, ta ce ya juye su cikin kwamfutarsa kafin su lalace.

Abin da ba ta sani ba, Yahuza bai daɗe da taɓa ram ɗin kwamfutar ba. Masu biki sun dame shi da waya, na'ura kuwa tana jan ƙafa. Ya kalli wani bidiyo a intanet, ya kwafi lambobin da mai bidiyon ya saka a tasa, ya zuba su gaba ɗaya. Kwamfuta ta tashi, ta kuma yi sauri, har ya yi ta ba abokansa labari. Da safe lafiya lau take aiki. Amma bazara ce, da rana ta take sai allo ya yi shuɗi, komai ya tsaya. Ya ɗauka wasan wuta ne, ya sake kunnawa, ya ci gaba da juye kaset.

Ranar da Badi'a ta zo saurare, ta zauna a kan tabarma, ya kunna mata. Muryar mahaifinsu ta fito tar, sai can a tsakiyar karatu ta kakkarye, ta koma ƙara. Ya buɗe wani, ya ƙi buɗuwa. Ta ce ya nemo mata na ranar saukarta, wanda mahaifinsu ya yi mata addu'a a gaban jama'a. Shi ma ya ƙi. Ta ce to a sake juye shi daga kaset. Yahuza ya sunkuyar da kai.

"Yaya, rediyon ta cinye zaren ranar da na juye shi. Na yi shiru ne don na ɗauka yana cikin kwamfuta."

Ta gyara mayafinta ta tashi. Yahuza ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Washegari suka sa kwamfuta da kwalin kaset a mota suka nufi Makarfi. Malam Abdulbaƙi ya ba Badi'a kujera, ya yi mata ta'aziyyar mahaifinta kamar jiya aka yi rasuwar, ya tambayi mutanen Ikara, sannan ya juya wajen Yahuza.

"Ɗana, me ka taɓa a cikinta?"

"Wallahi Baba, ram kawai na ƙara wa gudu. Kuma ta tashi lafiya."

"Tashinta ba shaida ba ne. Ram idan gudu ya fi ƙarfinsa ba kullum yake faɗuwa ka gani ba. Wani lokaci yana nan yana aiki, yana kuskure a ɓoye, kwamfuta kuma tana adana kuskuren kamar gaskiya. Kada ka sake kunna ta tukuna."

Bai ƙara masa ko kalma ɗaya ta faɗa ba. Ya ciro ma'ajiyar kwamfutar, ya haɗa ta da tasa, ya kwafe komai. Ya mai da saitin bayos yadda kamfani ya bar shi. Daga nan ya shiga bin karatun ɗaya bayan ɗaya: wanda ke da lafiya ya ware shi, wanda ya kakkarye ya sake juyo shi daga kaset a hankali, da wata tsohuwar rediyo da ya yarda da ita. Aikin ya ci kwanaki, ya ture wasu ayyukan gefe saboda shi.

Kaset ɗin sauka ne ya fi ba shi wahala. Ya kwance shi, ya miƙe zaren da ya cukurkuɗe da ɗan yatsa, ya yanke inda ya mutu da reza, ya liƙe sauran. Da ya kira su, tun kafin ya kunna ya faɗa mata gaskiya.

"Malama, akwai wurin da ba zai dawo ba. Na yi iya yina."

Ya kunna. Ga hayaniyar mutane, ga wani yana cewa a yi shiru, sai muryar mahaifinsu: "Badi'atu, matso kusa. Allah Ya yi miki albarka, Allah Ya sa..." Sai shiru na ɗan lokaci. Sai jama'a suka amsa da amin.

Yahuza ya rufe fuska da hannu. Badi'a kuwa ta daɗe tana kallon ƙasa, hawaye na bin kumatunta, sannan ta ɗago.

"Ba komai, Malam. Na san abin da ya faɗa a wurin. Ina durƙushe a gabansa ya faɗe shi."

Da za su tafi, Yahuza ya ce shi da ram har abada, a bar masa na'urarsa yadda take. A nan ne Malam Abdulbaƙi ya nuna abin da ya sa nake wannan rubutu. Da wani mai gyaran ne da ya so haka, domin duk mai tsoron na'urarsa kullum yana hanyar shago. Shi kuwa cewa ya yi:

"A'a. Tsoro ba zai koya maka komai ba. Ka dawo ranar Asabar, da kanka za ka yi, ina zaune."

Ya dawo. Kafin su taɓa komai, malam ya nuna masa ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin kwamfuta, ya ce idan ta ƙi tashi, a kashe wuta a cire shi na ɗan lokaci, saitin zai koma na asali. Ya ce bai kamata mutum ya shiga inda bai san hanyar fita ba. Sannan suka fara da saitin gudun da masu ram ɗin suka ajiye a cikinsa da kansu, suka gwada shi da manhajar gwaji. Da ya ci gwajin, suka ɗaga kaɗan, suka sake gwaji. Duk lokacin da Yahuza ya kai hannu zai canza abu biyu a tare, sai malam ya riƙe masa hannu.

"Ɗaya. Idan ka canza biyu ta faɗi, wanne za ka kama da laifi?"

Wutar da ke shiga ram kuwa ya hana shi wuce abin da masu shi suka rubuta. Kuma bai yarda da gwajin safe ba. Sai rana ta take, kwanon shago ya ɗau zafi, sannan yake barin gwaji ya yi ta gudu har la'asar, domin a irin wannan zafin kwamfutar za ta yi aiki a Ikara. Suka ci gaba har ranar da gwaji ya nuna kuskure guda ɗaya tak. Yahuza ya ce ai ɗaya ne. Malam ya dube shi kawai, shi ma ya tuna da abin da ya sami karatun mahaifinsu. Suka koma inda ta tsaya lafiya, malam ya sa shi ya ƙara sassautawa kaɗan.

"Baba, ai ta ci gwajin a nan."

"Ta ci yau. Gobe ka san irin zafin da za a yi?"

Saurin da aka samu bai kai wanda ya gani a intanet ba, amma ya fi na da, kuma allonsa bai sake yin shuɗi ba. Karatun marigayi kuwa yanzu yana wayoyin ɗalibansa, daga Ikara har Saulawa.

Ba su kaɗai ke ba da shaida ba. Zulaihatu, mai shagon buga takardu a Kudan, ta ce ta kawo masa kwamfutarta a ƙara mata gudu, ya duba ya ce aikinta ba ya bukata, kuma irin tata ma ba ta yarda a taɓa mata wannan saitin. Ya kakkaɓe mata ƙura ya ce ta koma da abarta.

Malam Abdulbaƙi, kai ne ka ɗauki na'urar talaka da muhimmanci, domin ka san abin da ke cikinta ba naka ba ne, ba ma na mai ita kaɗai ba ne. Hoton auren wata ne, takardar neman aikin wani ce, muryar mahaifin wasu ce. Kai ne ba ka ɓoye ilimi don a riƙa nemanka ba. Gwani mai sanyin hannu, ka koya wa matasanmu cewa ba laifi ba ne a nemi sauri, laifin shi ne a ƙi tsayawa a gwada.

Yanzu idanunsa sun gaji, likita ya hana shi yawan kallon allo, shi kuma malam ya ce da ruwa ya sauka zai koma gonarsa a Nasarawan Doya. Masu tasowa a wannan sana'a, da masu kowace sana'a da ake ba su amanar kayan mutane, ga abin koyi nan tun yana tsakaninmu. Ku je ku gaishe shi, ku zauna, ku kalli yadda yake aiki.

Da na gaya masa zan yi rubutu a kansa, dariya ya yi, ya ce me aka yi da har za a rubuta. Da ya ga da gaske nake, sai ya yi ɗan tunani.

"To tunda za ka rubuta, ka gaya musu duk abin da ba sa so su rasa, su ajiye shi a wuri biyu."

Na gaya musu, Malam. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa ka huta lafiya.